Gari a Bunkure, gari a Mombasa: gado ne, aro ne, ko arashi?

Mai Inji (Bunkure):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma waɗanda suka karanci harshe nake so su amsa, don masu "ni dai a ganina" muna da su a majalisarmu har sun yi mana yawa.

Ni sana'ata niƙa. Injina yana bakin kasuwar ƙauyenmu a ƙasar Bunkure, ba nisa da babbar magudanar ruwan da ta taso daga dam ɗin Tiga. Tun daga hantsi har la'asar sakaliya ba abin da ke shiga kunnena kamar kalmar gari. Garin masara, garin dawa, garin gero na fura, in an yi girbin rani kuma garin alkama. Wannan yarinya ta zo ta ce Inna ta ce garin jiya bai yi laushi ba, waccan ta ce a mayar mata da nata inji don ya yi tsaki. Da kalmar nake kwana da ita nake tashi, ban taɓa zaton za ta zama abin gardama ba.

Ƙanin mahaifina, Baffa Alhaji muke ce masa, ya sauke farali bana. Tun da ya dawo labarinsa ɗaya ne. Wai a Mina tantinsu yana kusa da na mutanen Tanzaniya, kuma duk sanda motar ɗaukar alhazai ta iso sai ya ji suna kiran junansu, "gari, gari!" Da farko ya ɗauka abinci ake rabawa, har ya miƙe da kwanonsa. Bayan an koma Makka kuma wani direba ɗan Pakistan ya dafa motarsa yana yi masa nuni ya shiga, shi ma ya ce gari. Shi ke nan Baffa ya dawo mana da fatawa: Hausa ce uwar harsunan duniya. Hujjarsa ita ce, mota ai gari-gari take kai mutum, shi ya sa da ta isa wurin waɗancan mutanen suka rasa sunan da za su sa mata sai suka ɗauki namu.

Majalisa ta rabu biyu. Mai shayi da telan unguwa suna bayan Baffa, liman ya yi murmushi ya ƙi cewa komai. Da na kai maganar cikin gida, uwargida ta ce ita wannan ba sabon abu ba ne a wurinta, tun tana budurwa take jin Indiyawa a fim suna cewa gari in za su hau mota, kuma wai yadda suke naɗe harshe wajen furta "r" ɗin sak irin namu. Sai kuma ɗan wana da ke karatu a Wudil, maimakon ya kashe wutar, ya zaro waya ya ce ai a Japan ma akwai gari, wata citta ce da suke ci da kifi. Baffa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kun ji ko? Har Japan! Citta ai dakawa ake yi ta zama gari." Aka kira magariba aka watse ba a daddale ba.

Ni dai raina bai kwanta ba, don ko a bakina garin da nake niƙawa da garin da nake zaune a ciki ba ɗaya nake faɗarsu ba, duk da ban san yadda zan yi bayanin bambancin ba. To wai wannan kama da ake samu, dangantaka ce ta jini tsakanin harsuna, ko wani ne ya ara daga wani? In aro ne, wa ya ara? Sannan garin kwaki da mutanen kudu ke kira garri, mu muka ba su sunan ko su suka ba mu? A taimaka mini da amsar da zan iya kai wa babba ba tare da na kunyata shi a gaban mutane ba, don shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina.

Tsohon Hedimasta (Ringim):

Wa alaikumus salam. Ɗana mai inji, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kunnenka bai yaudare ka ba. Kafin a tafi Tanzaniya a fara da cikin gida.

Gari biyu ne a Hausa, kalmomi biyu daban. Na zama, wasalinsa na farko gajere ne. Na tuwo kuwa sai ka ja shi, gaarii. Karin sautinsu ɗaya, murya ta faro daga ƙasa ta hau sama, tsawon wasalin nan kaɗai ya raba su. Abin da ya sa suka zama ɗaya a takarda shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna kari. Haka aka tsara shi tun zamanin Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, shi da ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909 ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Ƙamusun Bargery na 1934 ya raba su, kowanne da gurbinsa. Bara ma haka take: ga bara ta almajiri, ga bara mai yi wa sarki hidima, ga bara da ta gabaci bana. Rubutu ɗaya, amma ba Bahaushen da zai rikita su a baki.

Mu da muka fara da allo mun fi 'yan boko sa'a a nan. A ajami garin tuwo sai ka sa alif bayan angai, garin zama kuwa babu alif. Wani abin dariya, in ka rubuta garin tuwo da ajami ka miƙa wa Balarabe, "kogona" zai karanta, domin ghar a Larabci kogo ne, irin Kogon Hira. Ka ga nan ma ga wata kamar ta fito, kuma ba wanda zai ce tuwo daga kogo ya samo asali.

Shi kansa garin zaman ba wuri ɗaya ya tsaya ba. In muka ce gari ya waye, ba gidaje da lunguna muke nufi ba. Gari ya yi zafi, ko dai rana ce ta buɗe ko kuma kwanon masara ne ya tashi. In na ce maka ya garin, lafiyarka da ta iyali nake tambaya. Ga nagari da tagari da muke roƙon Allah ya ba mu, ga kuma garin da ke cikin "garin neman gira an rasa ido". Duk wannan a Hausa kaɗai, ba mu ƙetare ko da kogin Hadeja ba.

Shekarun da na yi ina koyar da 'yan aji huɗu, ba abin da ya ba ni wuya kamar kalmar Turanci she. Yaro ya ji ta yi masa kama da "shi", sai ya riƙa sa wa namiji, alhali mace take nufi. Sauti ɗaya, ma'ana a juye. Tun daga nan na daina yarda da kunne shi kaɗai.

Game da Baffanka, kada ka ce masa komai a majalisa. Ka same shi a zaurensa bayan isha'i, ka roƙe shi ya rubuta maka "garin Kano" da "garin dawa" da ajami. Hannunsa da kansa zai sa alif a ɗaya ya bar ɗaya. Daga nan sai ka tambaye shi wanne daga ciki mutanen Tanzaniya suka ara.

'Yar Auyo:

Baba Hedimasta ya gama magana, amma bari in ƙara wa Yaya mai inji wasu biyu ya kai wa Baffa tsaraba.

A Alƙahira na yi karatun jinya. Mutanen can ba sa furta jimun yadda muka koya a Islamiyya, "g" suke mayar da shi. Shi ya sa tsohon shugabansu Jamal Abdunnasir duniya ta san shi da Gamal. To maƙwabci a Larabci jar ne, maƙwabcina jari, a bakin Bamisire sai ya zama gaari. Matar da muke haya a gidanta in tana ba da labarin mutumin da ke ɗakin sama, gaari kaza gaari kaza, ni kuwa yunwa ta sa tuwo kawai nake hangowa. Wannan kalmar asalinta a fili yake, Larabci ce tsantsa, tushenta ɗaya da jiwar, wato maƙwabtaka. A rubuce ba ta ma yi kama da tamu ba, lafazin gari guda ne ya kawo kamar. Ka je Makka ko Madina ka ji, jari za su ce.

Na biyun daga ƙawayena 'yan Somaliya na ji. Su ma mota gaari ce a wurinsu. Amma suna da wata gaari ɗin daban, wato mace mai iya riƙon gida, mai tsafta, wadda baƙo ba ya kwana da yunwa a gidanta. Yabo ne babba. Saboda haka Yaya, in ka koma gida ka ce wa Anti ita gaari ce, sai dai ka yi saurin yin bayani kafin muciya ta tashi.

Ɗan Gujungu:

Ni fa ban ga abin dariya a maganar dattijon nan ba. Ku 'yan boko da an ce wani abu namu ne sai ku fara neman yadda za ku ba wa wasu. In Bature ya ce kalma kaza daga Latin take ba mai musu, amma in Bahaushe ya ce tasa ce sai a ce ina hujja. Ba dukkanmu 'ya'yan Annabi Adamu ba ne? Allah bai sanar da shi sunaye dukkansu ba? To in asali ɗaya ne, mene ne abin mamaki don kalma ɗaya ta wanzu a Kano da Indiya da Japan? Kuma Bahaushe ina ne bai taka ba? Ku je Sudan, ku je Gana, ku je Makka kanta ku ga unguwannin Hausawa. Mutanen da suka je Hajji a ƙafa tun kafin a ƙera jirgi, kalma ce ba za su iya kaiwa ba? A bar Alhaji da fahimtarsa.

Bazazzagi a Birnin Kudu:

Salamu alaikum. Na leƙo na ga Kanawa na shirin mallake duniya da kalma ɗaya, na ce bari ubangidanku ya zo ya raba gardama. Harshe na karanta a jami'a, yanzu ina koyarwa a sakandare.

In kalmomi biyu suka yi kama a harsuna biyu, ɗayan uku ne: ko an gaje su daga kaka ɗaya, ko ɗaya ya ara daga ɗaya, ko kuwa arashi ne kawai. (Ita kanta kalmar arashi akwai ta a Japananci, guguwa take nufi. Kada a gaya wa Baffa.) Aro yana da hanya, kana iya nuna inda kalmar ta bi, da su wa suka ɗauke ta, da abin da suka je yi.

Baffa ya ji daidai, kuma ya yi gaskiya a abu ɗaya: garin mutanen Tanzaniya da na direban Pakistan kalma ɗaya ce. Sai dai ba daga Kano ta tashi ba, daga Indiya ta tashi. A Hindi da Urdu gaari na nufin abin hawa mai ƙafa, kuma sun daɗe da ita tun ba a ƙera mota ba. Amalanken shanu bail gaari suke ce masa, da jirgin ƙasa ya zo suka ce rel gaari. Tsakanin Indiya da gaɓar gabashin Afirka kuwa teku ne kawai, jiragen ruwa na bin iskar damina suna kai da kawowa ɗaruruwan shekaru, 'yan kasuwar Indiya sun zauna a Zanzibar da Mombasa. Da Ingila ta tashi shimfiɗa dogo daga Mombasa a 1896, wanda ya isa Kisumu a bakin tafkin Biktoriya a 1901, lebura wajen 32,000 ta kwaso daga Indiya. A Swahili jirgin ƙasa gari la moshi ne, wato abin hawa mai hayaƙi, jam'in gari kuma magari. Ka bi gaɓar tekun nan za ka yi ta tsintar kalmar: a Farisa amalanke ce, a Habasha keken doki ne da ake haya a garuruwa, a Somaliya mota, kamar yadda 'Yar Auyo ta faɗa. Duk inda ta je ma'anarta ɗaya, abin hawa.

Mu kuwa fa? Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sunan jirgin ruwa muka ɗauko muka ƙara masa "ƙasa". Da mota ta zo, sunanta na Turanci muka karɓa. Da muna da wata gari mai nufin abin hawa har da za mu ba wasu aro, da mu muka fara amfani da ita. Kunnen uwargidanka ma bai yi ƙarya ba, "r" ɗin Indiyawa a wannan kalmar irin na rana da rago ne, wanda ake naɗe harshe a kaɗa, ba irin na barka ba. Amma ka saurari wasalin: dogo ne. A lafazi ta fi kusa da garin tuwo, alhali hujjar Baffa a kan garin zama ya gina ta.

Ta Japan ba dakakkiyar citta ba ce. Ɗanya ake yankawa fale-fale a jiƙa a ruwan tsami da sukari, a ci tsakanin lomar sushi, wato abincinsu na shinkafa da kifi. Sunan daga ƙarar tauna ya fito, gari-gari, kamar yadda mu za mu ce garas-garas. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta Brazil. A can gari shi ne mai sharar titi. Dalili, a 1876 hukuma ta ba wani Bafaranshe mai suna Aleixo Gary kwangilar share birnin Rio de Janeiro, mutane suka riƙa kiran ma'aikatansa da sunansa, har ya zama sunan sana'ar. Yanzu haka ranar 16 ga Mayu ranar masu shara ce a ƙasar, da wannan sunan. Sunan mutum guda ne, an san shekarar, an san birnin.

Akwai biyu da za su fi jan hankalin mai inji. Mutanen Basque da ke kan iyakar Sifaniya da Faransa, alkama gari suke ce mata. A Armeniya kuma gari sha'ir ne. Ga hatsi, ga gari, ai sai mutum ya ce an kama ɓarawo. To amma harshen Basque ba a gano masa dangi ko ɗaya a duniya ba, na Armeniya kuwa dangin Farisanci da Hindi da Turanci ne, ba kuma wata hanya da ta haɗa su da mu. Mu alkama da sha'ir duka daga Larabawa muka karɓi sunayensu.

Me ya sa arashin ya yi yawa haka? Lissafi ne. Bakin ɗan Adam sautuka kaɗan yake iya fitarwa. A ce harshe na da baƙaƙe 20 da wasula 5, gaɓa irin "ga" ko "ri" guda 100 ke nan. Kalma mai gaɓa biyu, 100 sau 100, wato 10,000. Harsunan duniya kuwa sun kai wajen 7,000, kowanne da dubban kalmomi. Dole a yi ta karo. Abin mamaki shi ne a ce an rasa gari a Japan. Wanda ya ƙirƙiro wasan judo a 1882 ma sunansa Kano Jigoro, ban dai ji kun ce jikan Bagauda ba ne tukuna.

Malam Ɗan Gujungu, ban raina maganarka ba. Alƙur'anin da ya ce an sanar da Annabi Adamu sunaye, shi ne ya ce a Suratur Rum saɓawar harsunanmu da launukanmu na cikin ayoyin Allah. Harshe ba ya zama yadda yake. Dubi Hausa kaɗai: Basakkwace na cewa zamna, Bakano zauna. Muna cewa talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane, juji amma jibaje. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna tun 1928 cewa ƙa'ida ce, baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa yakan narke ya koma wasali. In cikin harshe ɗaya an samu wannan sauyi, kalmar da aka rabu da ita shekaru dubbai ba za ta iso Japan da Bunkure babu ko ƙwarzane ba. In ka ga kama ta yi yawa tsakanin manesanta, ka fi zargin sabon aro ko arashi.

Kuma Hausa na da dangi na gaske, ba sai mun ƙwato na wasu ba. Tana cikin harsunan Cadi, su fiye da 150, irin su Bolanci, Badanci, Karekare, Ngizim, Angas, da Warjanci da ake yi nan kusa da mu. Kakannin 'Yar Auyo ma suna da nasu, Auyakanci, ɗan'uwan Badanci, Hausa ta haɗiye shi. Wani masanin harshe Ba'amurke, Joseph Greenberg, shi ne a shekarun 1950 ya tabbatar da cewa wannan rukunin gida ɗaya suke da Larabci, Ibrananci, Amharik, Somaliyanci, harshen Buzaye da na Misirawan zamanin Fir'auna. Shaidar tana cikin ƙashin harshen. Gidanka, gidanki, gidanku. Balarabe ya ce baituka, baituki, baitukum. Mu ce ya tafi, ta tafi, shi ya ce yaktubu, taktubu (yana rubutu, tana rubutu). Mu ce mutu, shi ya ce maata, mu ce me, shi ya ce maa. Huɗu, wadda wasu ke cewa fuɗu, a Bolanci poɗɗo ce, a rubutun Misirawan da kuma f-d-w. Irin waɗannan ba a kasuwa ake aronsu ba. Ba kuma cewa ake Hausa ta haifi Larabci ko Larabci ya haifi Hausa ba, kaka ɗaya suka haɗa.

Sai garin kwaki, inda Ɗan Gujungu zai ji daɗi. Rogo ba ɗan Afirka ba ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Kudancin Amurka a ƙarni na 16. Dabarar gurza shi a matse a soya ita ma daga Brazil take, ta yaɗu sosai a ƙarni na 19 lokacin da 'yantattun bayi suka komo Legas da Badagiri da Porto-Novo. A Brazil farinya suke ce masa. Sunan garri kuwa, wasu masu bin asalin kalmar ga garin tuwonmu suke mayar da shi, kuma hanyar a buɗe take: fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja da Salaga sayen goro, suna sauka ƙasar Yarbawa, ma'anar kuma ba ta yi nisa ba. Amma ko a Yarbanci akwai wata gaari ɗin da ba ruwanta da rogo, sirdin doki take nufi.

Mai Inji (Bunkure):

Allah ya saka da alheri, Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. 'Yar Auyo, na faɗa wa Antinki, ta ce a gaishe ki, amma ta ce in na sake kiranta da sunan mota sai dai in ci abinci a kasuwa. Bazazzagi, bawa ya yi ƙoƙari, in ka zo Bunkure akwai ladan niƙa kyauta.

Maganar Basque ɗin nan ce ta tsaya mini, don na fi kowa kusa da faɗawa tarkonta. Amma da na zauna a bakin inji na duba, mu gari ba sunan hatsi ba ne sam. Ba wanda zai nuna buhun alkama ya ce gari. Sai ta shiga ta sama ta fito ta ƙasa. Kuma ba sai abinci ba: garin lalle, garin magani, garin barkono, garin siminti, har gawayi in ya dagargaje. Halin abu ne, ba irinsa ba. Su kuwa can ƙwayar da ke gona suke nufi. To ko ba lissafin 100 sau 100, wannan ya ishe ni.

A kan kwaki ina da abin ƙarawa daga abin da na gani. Na taɓa zama a kudu ina aikin inji, na ga yadda ake yinsa. A fere rogo, a gurza, a ɗura a buhu a ɗora masa duwatsu ko a danne da jak, ya kwana biyu ko uku ruwan mai ɗaci da guba ya tsiyaye, ya yi tsami, a tankaɗe, sannan mata su soya a babban kasko suna juyawa da sakaina, hayaƙi na cin ido. In ana son ja sai a zuba manja. A ma'auninmu na masu niƙa, abin da ke fitowa ma bai kai gari ba, tsaki-tsaki ne. Da yarinya za ta kai wa uwarta irinsa daga injina, da sai an dawo mini da shi.

Abin da na lura kuma, a can in ka ce garri kawai, ba mai tambayarka na mene ne. Abu ɗaya ne. Mu nan dole ka ce garin kaza. Amma yanzu yaranmu da suka yi makarantar kwana, ka ji suna cewa "za mu sha gari", kuma kowa ya san ba garin dawa za a jiƙa da sukari da ƙuli-ƙuli ba. In dai daga wurinmu ta tafi, to ta dawo mana da ma'anar da aka ɗora mata a can, muna kuma amfani da duka biyun a gida ɗaya.

Ɗan Gujungu, kada ka ji haushi. Ni ma na so a ce Baffa ne da gaskiya, da na sa an rubuta a jikin shagona.

Gainako (Maigatari):

Kun zaga Japan da Brazil kun tsallake maƙwabtanku da kuke sayen nono a wurinsu kullum. A Fulatanci ngaari shi ne bijimin sa, jam'insa ga'i. In Bafulatani ya faɗe ta da sauri, Bahaushe gari zai ji, don ba ku iya kama wannan "n" ɗin na farko. 'Yan'uwanmu na Adamawa kuma kunu suke kira gaari, wannan kam ina ganin taku ce muka ara, tunda da gari ake dama shi. Amma ngaari tamu ce tun kaka da kakanni, ba mu ara wurin kowa ba, ba ma bayarwa aro. Mai inji, ka ce wa Baffa ina gaisuwa, in yana son ganin ngaari da idonsa ya zo kara ranar Alhamis, akwai na Nijar masu ƙaho, sai dai ya taho da kuɗi a aljihu don bana sun yi tsada.